Illar Tatse Batirin Litiyam Na Motocin Wasa Masu Rimot

Akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin masu amfani da kayan lantarki, watau a bar batir ya yi ta aiki har sai ya mutu murus kafin a sake yi masa caji. Mutane da yawa sun gaji wannan al'ada tun zamanin tsofaffin batura, kuma har gobe akwai masu yi wa sabuwar wayar hannu haka, a ganinsu gata suke yi mata. To, ga masu motocin wasa waɗanda ake tuƙawa daga nesa da rimot, wannan al'ada ita ce babbar hanyar kashe batir mai tsada a yini guda, wani lokaci ma har ta jawo gobara a cikin gida.

Motocin da ake magana a kansu sun wuce 'yan ƙananan nan da akan sayo wa yara da Salla. Waɗannan ƙira ce ta sosai, yawancinsu kashi ɗaya bisa goma na girman motar gaske, suna da taya da giya da sitiyari, kuma manya masu gemu ne ke gasar tsere da su a Japan da Amurka da ƙasashen Turai. Kamfanin Tamiya na Japan ya fito da motarsa ta farko irin wannan a 1976, mai siffar Porsche 934. A 1979 aka kafa ƙungiyar duniya mai kula da tseren, wadda ake kira IFMAR a taƙaice. A 2011 kuwa kamfanin Traxxas na jihar Teksas ta Amurka ya bayyana wata mota mai suna XO-1, wadda ke gudun kilomita 160 a cikin awa guda da batir kaɗai. Irin batirin da ke ba waɗannan motoci ƙarfi shi ne a cikin ƙananan jirage marasa matuƙi na ɗaukar hoto, kuma shi ne ɗaliban injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha ke saye domin ayyukansu na kammala karatu. Saboda haka darasin ya shafi har wanda bai taɓa riƙe rimot ba.

In kiɗa ya sauya

A shekarun 1980 batirin da ake tsere da shi na nikel da kadmiyam ne. Ana haɗa ƙwaya shida, kowace mai bolt 1.2, su ba da bolt 7.2 gaba ɗaya. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da batir ke tura lantarki da shi. Wancan batiri mai haƙuri ne ƙwarai. Gwanintar ɗan tsere a lokacin ita ce ya daidaita giyar motarsa yadda batirin zai ƙare ƙarƙaf daidai ƙarshen gasar, sa'an nan in an tashi ya jona masa ƙwayayen fitilar mota su zuƙe ɗan abin da ya rage kafin a sake caji. Tatse batir a wancan zamani yana cikin ƙa'idar kula da shi.

Batirin litiyam kuwa asalinsa daban. Stanley Whittingham ne ya fara aikinsa a kamfanin Exxon a shekarun 1970. A 1980 John Goodenough, yana Jami'ar Okasfod ta Ingila, ya gano sinadarin litiyam da kobalt wanda ya ɗaga ƙarfin ƙwaya guda zuwa kimanin bolt 4. A 1985 Akira Yoshino na Japan ya haɗa samfurin da za a iya amfani da shi ba tare da mugun haɗari ba, kana kamfanin Sony ya fara sayar da shi a 1991. Waɗannan masana uku sun sami lambar yabo ta Nobel a fannin ilmin sinadarai a 2019.

Nau'in da masu motocin rimot suka runguma shi ne wanda aka rubuta LiPo a jikinsa, mai ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu a cikin jaka mai laushi. Ya fi tsohon batiri rashin nauyi, ya fi shi ɗaukar caji, kuma yana iya sakin wuta mai yawa a lokaci guda. Sai dai ba shi da haƙurin magabacinsa. Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma mutane da dama sun sayi sabon batiri suka ci gaba da tsohuwar rawa.

Abin da ke faruwa a ciki

Ƙwayar batirin litiyam tana da ɓangarori biyu. Ɓangare ɗaya baƙin gari ne irin wanda ke cikin fensir, an shafa shi a kan fallen jan ƙarfe wanda bai kai kaurin takarda ba. Ɗaya ɓangaren sinadarin litiyam ne, an shafa shi a kan fallen alminiyam. A tsakaninsu akwai wani shamaki na roba siriri ainun, jiƙe da ruwan batir, kuma wannan ruwa mai kama wuta ne. Idan ana caji, litiyam yana ƙetare shamakin ya shige cikin baƙin garin. Idan mota na gudu, sai ya koma inda ya fito. Muddin ana wannan kai da komowa a cikin iyaka, batir zai yi caji ɗaruruwa lafiya lau.

Matsala tana farawa ne sa'ad da litiyam ɗin da ke cikin baƙin garin ya ƙare amma injin motar bai daina jan wuta ba. Da farko wata fata mai kare baƙin garin takan fara rushewa, kuma rushewarta tana haifar da iska a cikin jakar. Wannan iska ce ke sa a ga batir ya kumbura kamar burodi. Idan aka ci gaba da tatsa, ko aka bar shi kwanaki a wannan hali, sai fallen jan ƙarfen kansa ya fara narkewa cikin ruwan batirin.

Babban haɗarin yana zuwa ne daga baya. Ranar da aka sake jona wannan batiri a caja, narkakken jan ƙarfen nan yakan sake daskarewa, amma a inda bai kamata ba. Yakan tsiro kamar ƙananan ƙayoyi, kuma idan ƙaya ɗaya ta huda shamakin, ɓangarorin biyu sun haɗu ke nan. Sai zafi ya tashi a ciki, zafin ya haifi wani zafin, jakar ta fashe da hayaƙi mai guba da harshen wuta. Watau laifin an yi shi a filin wasa ranar Asabar, sakamakonsa kuwa ya bayyana a ɗakin kwana ranar Laraba, mai batirin bai ma san akwai dangantaka a tsakani ba.

Wani zai ce ai wayar hannu ma litiyam ne a cikinta, kuma kullum ana barinta ta mutu. Bambancin shi ne batirin waya yana da na'urar kariya a jikinsa, kuma lokacin da wayar ta ɗauke akwai sauran caji da aka ɓoye wanda mai ita ba ya iya taɓawa. Galibin baturan motocin tsere ba su da wannan na'ura, domin injin motar yana jan wuta ninkin ba ninkin abin da waya ke ja. Wayoyin batirin kai tsaye suke zuwa ga ƙwayoyin. Duk kariyar da zai samu daga waje take, watau daga motar da kuma hankalin mai ita.

Lambobin da ya kamata a haddace

Ƙwaya ɗaya ta LiPo idan ta cika tana nuna bolt 4.2. Abin da aka rubuta a jikinta, watau 3.7, matsakaici ne kawai. Iyakar da ba a so a ƙetare ita ce bolt 3.0, kuma masu kaffa-kaffa suna tsayawa tun daga 3.2 zuwa 3.4 sa'ad da motar ke gudu. Batirin da aka rubuta wa 2S ƙwaya biyu ne a jere, cikarsa bolt 8.4. Mai alamar 3S ƙwaya uku ne, cikarsa bolt 12.6.

Akwai halaye biyu na wannan batiri da ke yaudarar sabon shiga. Na farko, ƙarfinsa ba ya raguwa a hankali yadda na tocila ke yi. Mota takan yi ta gudu da kuzari kusan iri ɗaya har zuwa dab da ƙarshe, sa'an nan ƙarfin ya faɗi kwatsam. Duk wanda ya ce sai ya ga motar ta fara ja da baya zai tsaya, to, ya riga ya makara ko yana bakin makara.

Na biyu, idan aka huta kaɗan, lambar takan sake hawa. Misalinsa kamar rijiya ce a ƙarshen rani. In an yi ta jan ruwa har guga ya fara taɓo laka, aka dakata na ɗan lokaci, ruwa zai ɗan taru, amma wannan ba ya nufin rijiyar ta cika. Haka batir yake. Mota ta tsaya, bayan minti biyar a taɓa rimot a ga ta motsa, sai a ce bari a ƙara zagaye ɗaya. Wannan zagaye na ƙarshe shi ne ke kashe batura da yawa. Ƙwayar da ke nuna kimanin bolt 3.7 bayan ta huta ta gama aikinta na ranar.

Mai gadin da ke cikin motar

A tsakanin batir da injin motar akwai wata na'ura mai daidaita gudu, wadda ke karɓar umurni daga rimot ta saki wuta gwargwadon buƙata. Masu ƙera ta sun sa mata wani tsari mai lura da ƙarfin batir, wanda ke yanke wutar injin idan ƙarfin ya sauka zuwa iyakar da aka ɗiba. Wasu suna yankewa gaba ɗaya, wasu kuma suna rage gudu tukuna domin a sami damar dawo da motar. Alal misali, a na'urorin Traxxas irin su XL-5, koriyar fitila na nuna cewa mai gadin yana bakin aiki, ja kuwa na nuna an kashe shi. Wannan tsari shi ne kariya ta farko, amma akwai hanyoyi uku da yake kasawa.

Ta farko ita ce ba a kunna shi ba. Motoci da yawa suna zuwa da batirin nikel mai alamar NiMH, kuma an saita na'urarsu a kan haka. Mutum ya sayi LiPo ya saka domin ƙarin gudu, ya manta bai sauya saitin ba. Motar za ta yi gudu ba shakka, amma ba abin da zai tsayar da ita sai batirin ya tatsu. Lalle ne a buɗe takardar bayanin motar a tabbatar da saitin kafin a jona sabon batiri. Tsohuwar motar da na'urarta ba ta san LiPo ba sam, sai dai a sauya na'urar ko a ƙara mata mai yankewa na dabam.

Ta biyu ita ce kuskuren ƙidaya. Wasu na'urori suna ƙiyasta yawan ƙwayoyi ne daga ƙarfin da suka tarar a lokacin da aka jona batir. A ce an jona mai ƙwaya huɗu wanda ya riga ya sauka zuwa bolt 12.6, watau 3.15 kowace ƙwaya. Na'urar tana iya ɗaukarsa a matsayin cikakken mai ƙwaya uku, ta sa iyakarta a bolt 9.6. Kafin ta yanke, kowace ƙwaya ta faɗo 2.4. Maganin wannan shi ne a riƙa farawa da cikakken batiri, ko kuma a saita yawan ƙwayoyin da hannu in na'urar ta ba da dama.

Ta uku ita ce na'urar jimla take gani. Idan an sa iyaka a bolt 6.4 ga batiri mai ƙwaya biyu, zato shi ne kowace tana 3.2. Amma in ɗaya ta tsufa ta fi 'yar'uwarta rauni, ana iya samun ɗaya a 3.6 ɗayar a 2.8, jimla dai 6.4 ce, alhali mai raunin ta riga ta cutu. Kuma kowace fita tana ƙara mata rauni.

Ƙararrawa da agogo

Saboda wannan matsala ta uku ne galibin baturan LiPo masu ƙwaya biyu ko fiye suke da wata 'yar karamar soket fara mai siraran wayoyi, ban da manyan wayoyin nan biyu. Ta nan ake auna kowace ƙwaya ita kaɗai. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai girman akwatin ashana ba, wadda ake jonawa a wannan soket a ɗaure ta cikin motar. Tana nuna lambar kowace ƙwaya, kuma da zarar ɗaya ta sauka ƙasa da abin da aka saita sai ta ɗauki ƙara. Kuɗinta kaɗan ne ƙwarai in an gwada da kuɗin batir. Sai dai a tuna ƙara kawai take yi, tsayar da motar aikin mai rimot ne. Har ila yau, a riƙa caji ta wannan soket da caja mai daidaita ƙwayoyi, domin duka su cika daidai wa daida.

Agogo ma kariya ne. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce kada a ci fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da batir ke ɗauka. Wanda aka rubuta wa 5000mAh, iyakarsa 4000 ke nan. Hanyar sani mai sauƙi ce. A cika batir, a yi wasa na minti goma, sa'an nan a sake caji a duba adadin da cajar ta mayar. In ta mayar da 2500, motar tana cin 250 ke nan a minti guda, saboda haka minti 16 ne iyakar wasa. Yashi da ciyawa da hawan tudu suna ƙara ci, don haka a rage lokacin a irin waɗannan wurare.

Bayan an tashi wasa

Batura da yawa a ajiye suke mutuwa, ba a fili ba. Na'urar daidaita gudu takan ci gaba da shan wuta kaɗan kaɗan ko da an kashe makunnin motar. Batirin da aka bari a jone bayan wasa, wanda dama ya kusa ƙarewa, 'yan kwanaki sun isa su kai shi ƙasa. Ita ma 'yar ƙararrawar nan tana sha. Doka ta farko bayan wasa ita ce a zare komai daga jikin batir.

Idan za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, ba a barinsa a cike kuma ba a barinsa wayam. Ana kai kowace ƙwaya wajen bolt 3.8, kuma cajoji masu kyau suna da saitin ajiya da ke yin haka da kansu. Ɗalibin da zai tafi hutu ko ma'aikacin da zai yi doguwar tafiya, wannan ne aikinsa na ƙarshe kafin ya rufe ɗaki, kuma yana da kyau a riƙa auna batirin duk bayan wata guda. A inda wutar lantarki ba ta zama kullum, hikima ita ce a bar wa batir rara mai yawa, domin ba a san ranar da zai sami caji ba. Cajoji da yawa suna aiki da batirin mota mai bolt 12, sai dai a yi cajin a waje, nesa da kujeru da man fetur.

Zafi yana ƙara dagula al'amarin. A watan Afrilu zafin rana a Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa. Ba a so batir ya kai digiri 60. A ajiye shi a inuwa, a ƙasan siminti, cikin jaka mai hana wuta ko akwatin ƙarfe mai kafar iska, kuma a bari ya huce kafin a yi masa caji.

Sabon batiri ma ana auna shi tun a kanti. Tun daga 1 ga Afrilu, 2016, dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana a yi dakon irin waɗannan batura su kaɗai da caji fiye da kashi 30 cikin ɗari. In batiri ya iso da ɗan caji, sa'an nan ya shafe watanni a kan kanta cikin zafi, yana iya faɗuwa ƙasa da iyaka tun kafin a saye shi.

Wanda ya riga ya lalace

Caja mai kyau takan ƙi karɓar batirin da ƙwayarsa ta faɗi ƙasa sosai. Wasu masu wayo sukan yaudare ta, su saita ta a kan batirin nikel domin su tilasta wa batirin farfaɗowa. Lambar tana iya dawowa, amma jan ƙarfen da ya narke ba ya komawa mazauninsa, kuma ido ba ya ganin ƙayar da ta tsiro a ciki. Batirin da ya kumbura, ko yake wari mai zaƙi zaƙi, ko ƙwayarsa ta kwana biyu a ƙasa da bolt 2.5, ya gama rayuwarsa. Ba a huda shi domin a fitar da iskar, ba a danne shi, kuma ba a yi masa caji.

Kafin a rabu da shi, a fitar da shi waje a sa cikin bokitin yashi, a jona masa ƙwan fitilar mota har sai ya ƙare sarai, a naɗe bakin wayoyinsa, kana a miƙa shi ga masu karɓar sharar kayan lantarki. Jefa shi a juji babban ganganci ne, domin ana cinna wa juji wuta, kuma yara suna tsince tsince a can. Mai lafiya ma ba a barinsa a caja a tafi masallaci ko a kwanta barci, kuma ya kamata yashi ya kasance kusa.

Duk wannan bai fi aikin minti biyu ba a kowace fita. A duba saitin mota, a jona ƙararrawa, a tsaya da zarar ta yi ƙara, a zare batir, a auna shi kafin a ajiye. Uban da ya sayo wa ɗansa irin wannan mota, da malamin da ke duba aikin ɗalibansa, su ne ya kamata su fara koyar da wannan tsari tun ranar da aka buɗe kwali.